Teburi Ɗaya da Surukata a Sakkwato

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake ciyarwa ba a ciyar da shi.

Tun da na auri uwar 'ya'yana ban taɓa ganin mahaifiyarta ta kai loma baki ba, ita ma ba ta taɓa ganin tawa ba. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Suruki ba ya ci a gaban suruka, suruka ba ta ci a gaban suruki, kuma babu wanda yake jin nauyin abin, domin gida yana da bango. Bayan rasuwar mijinta ta dawo hannunmu a Zariya, muka gyara mata ɗaki a can ƙuryar gida. Kowace safiya nakan je bakin ƙofarta in durƙusa in ce, "Inna, ina kwana," ta amsa daga bayan labule. Kwanona yana zuwa zaure, nata yana shiga ɗaki. Haka muka zauna shekara da shekaru lafiya lau.

Matata ita ce 'yar farinta, saboda haka ko sunanta ba ta kamawa, kuma magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Mai iya tsayawa gaban Inna ta faɗi abin da ta ga dama ita ce babbar 'yata, wadda a lokacin take jami'a. Su biyun kullum cikin tsiya suke. Ta ce mata tsohuwa mai rowar goro, ita kuma ta ce mata mai ƙafar sauro, wadda babu mai ɗauka ko an yi gwanjo.

Inna tana da ciwon suga. Likita ya ɗora ta a kan wata ƙwaya da take sha kowace safiya, da sharaɗin abinci ya biyo baya, in ba haka ba sugan ya sauka ya kayar da ita. A gida ba mu taɓa samun matsala ba. Kafin ta haɗiye ƙwayar, kokonta da ƙosanta suna gefe a rufe.

Ta daɗe tana cewa tana son ta ziyarci Hubbare, makwancin mujaddadi a Sakkwato, kafin ƙafa ta ƙi. Da aka yi hutun makaranta a wata bazara, sai na ce to, a shirya, har da yara. Ni Sakkwato ba baƙon wuri ba ne a gare ni. Ina saurayi na zauna a Ƙofar Marke ina karatun littattafai wurin wani malami, Allah ya jiƙansa, kuma a zaurensa hannuna ya faɗa da rubutun ajami. Sai dai bayan rasuwarsa gidan ya watse, babu wanda zan ɗora wa nauyin mutum shida. Saboda haka muka kama masauki a Runjin Sambo, ɗaki biyu, ni da yara maza biyu a ɗaya, mata a ɗaya.

Ranar tafiya na fito na tarar matata ta cusa risho da tukwane a bayan mota. Babbar 'yar tana fitar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Ke, me kike yi haka?" in ji uwarta.

"Mama, hutu aka ce. In an tafi da risho, ai kicin kawai aka canza miki. A waje za mu ci, safe da rana da dare. Na duba wuraren duka a waya."

Na goyi bayanta, domin gaskiya ta faɗa. Ban iya tuna ranar da baiwar Allah nan ta wuni ba ta hura wuta ba. Inna tana zaune a mota tana jan carbi. A cikinmu babu wanda ya tsaya ya yi tunanin inda za ta zauna ta ci, da inda ni zan zauna.

A hanya abin bai nuna ba. Da muka tsaya a Gusau na shiga masallaci na daɗe, su kuma suka ci abin da suka ci. Daren farko a Sakkwato na sayo tsire da burodi, kowa ya ci a ɗakinsa. Da safe ma shayi aka kai ɗaki.

Wannan ranar muka fara da gidan tarihi, yara suka ga takubba da sulke da tsofaffin littattafai a cikin gilashi. Na tsaya ina karanta musu wani shafi, suka ja ni gaba. Daga nan muka shiga kasuwa wajen dukawa. Matata ta sayi jakar jar fata, Inna ta zaɓi takalmi mai taushi, na sayi tabarmi biyu saboda sun yi mini kyau. Muka yi azahar a wani masallaci a bakin kasuwa. Rana ta take, irin ranar Sakkwato da takan sa mutum ya ji kwalta tana kama takalminsa. Sai 'yar ta ce lokacin abinci ya yi, ta riƙa nuna mini hanya daga wayarta har muka tsaya gaban wani gidan abinci mai bangon gilashi baƙi.

Ciki sanyi kamar randa. Ma'aikacin wurin ya ga yawanmu ya haɗa teburi biyu suka zama ɗaya, ya ja mini kujera a kai. Yara suka yi rububin zama kusa da uwarsu. Kujerar da ta rage ita ce ta ɗaya ƙarshen, daidai fuskata, nan Inna ta zauna a ɗofane. Aka kawo takardar abinci da Turanci, na miƙa wa 'yar na ce ni dai tuwon shinkafa da miyar taushe. Yara suka ce kaza da soyayyen dankali. Ta zaɓar wa kakarta tuwon alkama da miyar kuɓewa, saboda ciwonta.

Aka jera faranti. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na gutsuro tuwo. Ina ɗaga kai sai na ga Inna ta karkata jikinta ta fuskanci bango, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska. Hannuna ya tsaya a tsakanin faranti da baki. Na yi ƙoƙarin ƙarasawa, ya ƙi. Na mayar da lomar, na goge yatsu, na ce, "Bari in duba mota, kamar ban kulle ba."

A tsallaken ƙofar akwai wani dattijo mai wankin hula a gindin dogon yaro, ya jera huluna a kan gungume suna shan rana. Na yi masa sallama.

"Malam, mi kaka yi cikin ranag ga, ga sanyi can ciki?" in ji shi.

Na ce, "Da suruka muke tafe."

Ya yi dariya har hular da ke hannunsa ta faɗi. "Awo! To zamna, zamna. Ni tawa ko ga biki in ta shigo, katanga nika bi."

Ya matsa mini a benci, ya ɗauko hoce daga cikin wata leda, irin wainar dawar nan mai tauri da suke yi, ya karya ya ba ni rabi da ƙuliƙuli. Muka yi ta hira a kan tsofaffin unguwanni da waɗanda suka mutu. Hankalina kwance, ina cewa a raina yanzu Inna ta sake tana cin tuwonta.

Abin da ban sani ba shi ne, gilashin nan daga waje ne kawai yake baƙi. Ni in na duba, inuwata nake gani da hulunan dattijo. Na ciki kuwa yana ganin titi tar. Daga baya 'yata ta gaya mini cewa Inna ta waiwayo ta gan ni a kan benci cikin zafi, baƙo yana miƙo mini hoce, ga tuwona yana sandarewa a kan teburi. Ta sunkuyar da kai, ta ture farantinta. Ta ce sanyin wurin ya kama mata haƙora, a ƙunsa mata, ta ci a masauki.

Ba mu koma masauki ba sai bayan la'asar, domin yara sun nace sai sun ga ƙofar fada. Ƙunshin yana bayan mota duk tsawon wannan lokaci. Miyar kuɓewa ba ta jure haka, ko da aka buɗe ta yi tsami. Da dare Inna ta ce ruwan zafi kawai take so, cikinta a cushe yake. Matata ta ji, amma 'yar fari ba ta tsayawa kan uwarta ta ce sai kin ci. Ni kuma da na tambaye ta a baranda, "Inna ta samu ta ci kuwa?" sai ta ce, "An ƙunso mata." Na ɗauka amsa ce, na je na kwanta.

Washegari ita ce ranar Hubbare. Muka fita da sassafe don mu riga rana. Inna ta haɗiye ƙwayarta kamar kullum, da niyyar za a karya a hanya. Na kai su Ƙofar Marke, wani lungu da na san ana tuyar masa tun ina saurayi. Tandar tana nan a inda take, sai dai mai tuyar yanzu wata ce mai kama da ta da, ina jin 'yarta ce. Maza sun cika bencin suna jiran layi. Inna ta ce ita a mota za ta zauna. Na sa aka zuba masa da miya da ɗan yaji, aka kai musu. Ni kuma, da yake jiya na ga dabarar ta yi aiki a zatona, sai na ce su ci, zan taka in ga ƙofar gidan malaminmu.

Na je na tsaya. An rushe zauren an yi shaguna, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da buhunan shinkafa. Na yi wa malam addu'a a tsaye, na ja lokaci da gangan, sannan na dawo.

A bayana, Inna ta tambayi jikarta, "Uban naku ya karya?"

"Ya tafi gaisuwa."

Sai ta rufe kwanon masarta ta ce a ajiye masa. Da yarinyar ta ce ai akwai nasa, sai ta ce ita tana son ta shiga ziyara da ciki mara nauyi. Yara maza suka ga masa a rufe ba mai ita, suka buɗe. Na dawo na ga kwanuka wayam, na ce alhamdu lillahi, na tayar da mota.

A Hubbare mutane sun riga mu. Akwai 'yan Nijar da rawunansu, akwai wata mota cike da tsofaffi daga Adamawa, ana jin Fulatanci da Zabarmanci da Yarabanci a wuri ɗaya. A bakin ƙofa mata sun baza dabino da turare da carbi. Muka tuɓe takalma muka shiga, mata suka bi ta nasu wajen. Na yi sallama ga mutanen kabari, na roƙa musu rahama, na roƙa mana kyakkyawan ƙarshe wurin Allah, domin shi kaɗai ake roƙo. Da muka haɗu a waje na ga idon Inna ya yi ja, amma fuskarta a sake. Ta ce wa jikarta, yadda zan ji, "Ki ce wa ubanku Allah ya yi albarka. Allah ya sa 'ya'yansa su kai shi inda yake so."

Na ce amin. Muka nufi mota.

Ba mu yi nisa ba ta tsaya ta dafa wata bishiyar dogon yaro. Na ɗauka takalmin ne sabo yake cizonta. Sai na ga gumi yana tsattsafo mata, hannunta yana karkarwa, carbin ya zame ya faɗi. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Matata ta riƙe ta tana salati. Ta buɗe baki za ta yi magana, harshen ya yi nauyi.

"Suganta ne!" in ji 'yar. Ta kwasa da gudu ba takalmi, ta dawo da kwalbar lemo. Wata mai dabino ta baro tirenta ta zo tana yi mata fifita da murfin kwano.

"Sannu Inna, sannu. Ku ba ta ta sha, maza!"

Yarinyar ta kafa mata kwalbar a baki. Inna ta datse leɓe. Idonta a lumshe, amma hannunta yana lalubar gefen mayafi yana son ya jawo, ƙarfin bai kai ba. Ni kuwa ina durƙushe a gabanta, kusa fiye da yadda na taɓa matsowa tun da nake, ina tofa mata addu'a ina cewa, "Inna, daure ki sha. Inna, ki sha don Allah." Lemon yana bin haɓarta yana zuba a zane.

Matata, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba, ta juyo ta ce, "Malam, ka gusa mana! Kai take gani!"

Na miƙe na zaga bayan wata katanga. Na tsaya ina kallon bulo, ina maimaita sunayen Allah. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Can sai na ji muryar mai dabino tana cewa, "Ta sha, ta sha. Ƙara mata. Ga dabino, tauna, Inna."

Muka kai ta wani ƙaramin asibiti kusa. Ma'aikaciyar jinya ta soki yatsarta ta duba, ta ce ya fara hawa, amma kada a sake ba ta ƙwayar nan ba abinci. Ta tambaya yaushe rabonta da cin wani abu mai nauyi. Matata ta dubi 'yar, 'yar ta dubi uwarta, ni na dubi ƙasa. Nan ne kowa ya faɗi abin da ya sani, muka haɗa, muka gane tun shayin jiya da safe babu abin da ya shiga cikinta sai ruwan zafi.

A masauki aka sayo mata tuwo, aka rufe ƙofa, ta ci, ta yi barci. Bayan la'asar na ɗauko tabarma na shimfiɗa a baranda kusa da ƙofar ɗakinsu. Labule a sake, tana ciki. 'Yar ta zauna a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na yi gaisuwa na yi sannu, sannan na ce, "Ki gaya wa Inna, daga yau duk inda za a ci abinci zan sauke ku in tafi wani wuri. In an gama a kira ni."

Yarinyar ta juya kai ciki. "Kaka, kin ji."

"Ki ce masa gobe a kai ni tasha," in ji Inna.

"Baba, ka ji."

Na ce, "Ki tambaye ta laifin me muka yi."

"Ni fa ba waya ba ce," in ji 'yar. "Ga ku ga juna, taku nawa ne?"

"Rufe mini baki, mai ƙafar sauro. Ki ce masa babu laifi. Amma mutum ya ɗauko iyalinsa, da motarsa, da guminsa, a kawo abinci ya tashi ya koma titi, har baƙo yana gutsura masa hoce kamar wanda ba shi da kowa? Saboda ni? Jiya na gani, yau ma an sake. Ba zan ci wannan abincin ba. Gara in koma ɗakina, ku ku yi hutunku."

Sai a lokacin na san ta gan ni. Na ji kunya ta rufe ni tun daga wuya. Na ce, "To a riƙa sayowa ana kawowa masauki, kowa ya ci a ɗaki."

"A'a. An kawo yara su ga gari, an ce uwarsu ta huta ta ci na waje kamar kowa. Sai a kulle su a ɗaki saboda tsohuwa? Tasha dai."

Na san babu littafin da ya hana mutum ci tare da uwar matarsa. Muharramarsa ce, ni da bakina na sha karantar da haka. Amma ba zan buɗe baki in yi wa Inna wa'azi ba, alhali nawa hannun jiya ya ƙi kai loma. Kuma na san halinta. In ta ce tasha, to ko ba a kai ta ba za ta tari keke ta tafi, da ciwonta, cikin wannan zafi. In kuwa muka bi ta muka koma gaba ɗaya, za ta riƙe a ranta har ta mutu cewa ita ta ɓata wa jikokinta tafiya.

Na ce, "Ki roƙar mini ita abu ɗaya. An yi wa yara alkawarin kifi a Kwalkwalawa gobe. Ta bari a je su ga gulbi. Bayan nan, abin da ta ce shi za a yi."

'Yar ta leƙa ta ce, "Ta ɗauki carbi." Na ɗauka ba ta ƙi ba, na naɗe tabarmata.

Da safe aka kai mata koko da ƙosai ɗaki, jikar ta tsaya a kanta har ta shanye kafin ta miƙa mata ƙwayar. Inna ta fito da ƙullin kayanta a hannu, ta sa shi a kan cinya a mota.

Kwalkwalawa tana kan hanyar jami'a, inda gada ta ƙetare gulbin Rima. Ruwan ya ja baya saboda bazara, amma fadama kore shar, albasa da shinkafar rani, ga raƙuma suna wucewa da buhuna. A bakin hanya mata sun jera manyan kasake, mai yana tafasa, ga tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa an tsane su a kan tire. Kafin in kashe mota sun kewaye mu.

"Alhaji, taho nan! Wanga yanzu anka hiddo shi, dibi idonai!"

"Ƙarya takai, Alhaji, nata tun jiya na!"

'Yar ta fita tana ciniki tana kwaikwayon maganarsu, suna yi mata dariya suna cewa Bazazzagiya ba ta iya ba. Na gangara da motar gefe, ƙarƙashin wata bishiya mai faɗi, na tsayar da ita a gicciye. Na fito da tabarmin nan biyu. Babbar na shimfiɗa ta ɓangaren gulbi, na ce mata da yara su zauna nan. Ƙaramar na zaga da ita ɗaya gefen, wajen hanya, na shimfiɗa daf da taya, na tuɓe takalmi, na zauna na jingina da ƙofar mota. Ba ni ganinsu, ba su ganina, amma ina jin motsin kowa.

Aka kawo kifi a takarda, da yaji da yankakkiyar albasa. Aka kawo mini nawa. Na ji Inna ta yi ƙasa da murya.

"Ina ya tafi kuma?"

"Babu inda ya tafi. Kaka, sunkuya ki leƙa ƙarƙashin mota."

Na ji ƙarar awarwaronta, alamar ta dafa ƙasa. Na miƙe ƙafa ɗaya na matsar da ita inda za a gani sosai.

"To na ga ƙafa. Ƙafa ce take ci?"

"Baba, wai kana ci?"

Na ce, "Ki ce ina ci." A gaskiya ban fara ba, ina jira in ji ta fara.

"Ba ya ci," in ji Inna. "Mai cin kifi ba ya amsa magana da sauri haka."

Yara suka fashe da dariya, har na ji ta uwarsu a ciki. Na ga babu mafita, na yi bisimilla na ɓare ƙarfasa. Kifin da zafinsa, fatar tana ƙaras-ƙaras, yajin ya ji citta. Da na cinye gefe ɗaya na zare ƙashin bayan dungurungum, na sa hannu na tura shi ƙarƙashin mota, can tsakiya. Wata kyanwa ta taho ta ɗauke. Na ci na biyu na sake turawa.

"Kin gani?" in ji 'yar. "Har kyanwa ta shaida. Saura ke."

Na ci gaba da ci a hankali, kunnena yana wancan gefe. Babura suna wucewa, masu kifi suna kiran wasu baƙi. Ina so in tambaya, ina tsoron in tambaya ta fasa. Can sai ga yarinyar ta zagayo da takarda a hannu, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Kan tarwaɗa ne babba, da ƙashin bayansa a haɗe, an suɗe ƙashin tas babu ko tsoka.

"Wai in ce maka haƙoranta ba sa iya cin kan kifi, kada a yi asara."

Na ce, "Ki ce na gode, Allah ya ƙara lafiya." Na ja kan tarwaɗar gabana na fasa shi. Ban cika son kai ba, amma wannan sai da na tsotse shi kaf.

Wata Bafulatana ta zo da ƙwarya a kai, Inna ta tsayar da ita da Fulatanci, ta sa aka dama mata fura ba suga. Ta ce a dama wata a kai bayan mota. Ina sha ina jin ƙarar ludayinta yana taɓa ƙwarya. Yara suka gangara bakin ruwa suna kallon masu kwalekwale, uwarsu tana yi musu kashedi daga zaune, bakinta cike.

Da rana ta kusa tsakiya 'yar ta fara tattara takardu. Ta ce, "To Kaka, tashi. Kada motar Zariya ta cika ba ke."

"Wa ya aike ki?"

"Ke kika ce tasha. Ga ƙullinki can a kujera."

"Ba ke kika ce akwai wani mai balangu a unguwar Gidan Dare ba? Ko ƙarya kike yi, kamar yadda kika saba?"

"Akwai. Amma ke da ba ki da haƙora?"

"A yanka mini ƙanana. Ki tambayi ubanku in wurin yana da inda ake ajiye mota."

Na ce, "Ki ce mata in babu, za mu nemi mai shi."

Na wanke hannu da sauran ruwan buta, na karkaɗe tabarma. Na tsaya a gefena har sai da na ji ta ce alhamdu lillahi, ta shiga mota ta rufe ƙofa, sannan na zagayo.